Aminan Lambobi: Daga Teburin Ɗan Canji a Harran Zuwa 9,363,584

Miliyan tara da dubu ɗari uku da sittin da uku da ɗari biyar da tamanin da huɗu. A rubuce, 9,363,584. Lamba ce da ba ta da kwarjini a ido, ba jerin sifiri a wutsiyarta, ba wani tsari a alƙalumanta da zai sa a waiwaye ta. Abin da za a iya gane mata nan take shi ne shafa'i ce, tunda da 4 ta ƙare. Sauran halinta sai an zauna an feɗe ta. In ka yi ta raba ta biyu, sau bakwai za ta yarda, sannan ka tsaya a 73,153, wadda ita kuma 191 ce sau 383. Daga nan rabo ya ƙare, domin 191 da 383 duk gagara-rabo ne, wato irin lambobin nan da ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Ke nan gininta shi ne 128 sau 191 sau 383. Lambobi 31 ne ke shiga cikinta daidai ba saura, ban da ita kanta, tun daga 1 da 2 da 4 da 8 har zuwa rabinta, 4,681,792. Waɗannan su ne sassanta. In ka tara su duka za ka sami 9,437,056.

To ɗauki wannan sabuwar lamba ka yi mata abin da ka yi wa ta farko. Ita 128 ce sau 73,727, kuma sassanta 15 ne kacal. Tara su. Abin da zai fito shi ne 9,363,584, ba ƙarin ko ɗaya, ba ragin ko ɗaya. Kowace daga cikinsu, abin da ke cikinta in an haɗa shi, 'yar'uwarta yake bayarwa. Irin waɗannan su masana hisabi na da suka kira aminan juna.

Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma abin da nake so ɗalibi ya fara ganewa game da waɗannan lambobi biyu shi ne ba tsintuwa aka yi ba. Ba mahaluƙin da zai bi lambobi miliyan tara ɗaya bayan ɗaya da alƙalami yana tara sassansu. Wata ƙa'ida ce ta haife su, an rubuta ta a Bagadaza shekara wajen ɗari bakwai kafin wani ya bi ta har ya kai gare su. Labarin wannan ƙa'ida, da hannayen da ta bi, shi ne tarihin wata tsohuwar al'ada ta malamai: rarraba lambobi aji-aji bisa ga abin da sassansu suka tara.

Girkawa ne suka fara rubuta al'adar. Wani mai suna Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, ya rubuta littafin gabatarwa ga ilimin lambobi wajen shekara ta 100 Miladiyya, inda ya kasa su uku. Akwai wadda sassanta ba su kai ta ba, kamar 8, da 1 da 2 da 4 suka ba da 7: wannan mai giɓi ce. Akwai wadda sassanta suka zarce ta, kamar 12, da nata suka kai 16: mai rara. Akwai kuma wadda suka yi daidai da ita cif, kamar 6 da 28: kammalalliya. Nikomakus ya ɗauki abin da zafi, har yana kamanta mai rara da halittar da gaɓoɓi suka yi wa yawa, mai giɓi kuma da mai ido ɗaya. Kammalallu huɗu ya sani, 6 da 28 da 496 da 8,128, kuma daga waɗannan huɗun ya zaci sauran ma haka za su riƙa zuwa, ɗaya a kowane mataki na goma da ɗari da dubu, suna karɓa-karɓa tsakanin ƙarewa da 6 da ƙarewa da 8. Zaton bai tabbata ba. Ta biyar ita ce 33,550,336, alƙaluma takwas gare ta, kuma ta shida ma da 6 ta ƙare. Uƙlidis, wanda ya riga shi da shekara kusan ɗari huɗu, ya fi shi taka-tsantsan: a ƙarshen kashi na tara na littafinsa ya nuna yadda ake gina kammalalliyar lamba, ya kawo hujja, bai faɗi abin da bai tabbatar ba.

A kan wannan ma'auni, 9,363,584 mai rara ce, rarar 73,472. Aminiyarta mai giɓi ce, giɓin 73,472. Haka abin yake a kowane aminai biyu, ƙaramar ce mai rara, babbar ce mai giɓi. Amma Girkawa aminai guda kawai suka sani, 220 da 284. Sassan 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimilla 284. Na 284 su ne 1, 2, 4, 71 da 142, jimilla 220. Iyambilikus, wani masanin falsafa na farkon ƙarni na 4, ya danganta saninsu ga mabiya Fisagoras, waɗanda suka ɗauke su alamar abota. A nan Girkawa suka tsaya.

Kafin mu tafi Bagadaza, bari in ratse zuwa zaure, domin wannan rabe-raben ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin fara'il a Risala ko ya haddace Rahabiyya. Mai rabon gado yana aiki da asali bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Ɗauki matar da ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa biyu li'ummai. Asalin mas'alar shida ne. Miji nusufi, 3. Li'ummai sulusi, 2. Uwa sudusi, 1. Dukiya ta ƙare daidai, ba saura, ba wanda aka tauye. Wannan 3 da 2 da 1 su ne ainihin sassan lamba 6, kuma shi ne abin da Nikomakus yake nufi da kammala. Sannan kowane ɗalibin fara'il ya san asali uku ne kaɗai ke yin auli, wato rabon magada ya zarce asalin har a rage wa kowa gwargwadon nasa. Shida tana hawa zuwa 7, 8, 9 da 10. Sha biyu tana hawa zuwa 13, 15 da 17. Ashirin da huɗu tana hawa zuwa 27, kamar a mas'alar nan da ake jingina wa Sayyidina Aliyu, ta mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, inda sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Yanzu duba asalin bakwai ɗin da idon mai hisabi. Huɗun da ba sa auli, 2, 3, 4 da 8, duk masu giɓi ne. Ukun da ke yi, ɗaya kammalalliya ce, biyu masu rara ne, don sassan 24 sun kai 36. Masu sharhin littattafan fara'il sun lura da haka sun kuma rubuta shi. Duk lokacin da na nuna wa ɗaliban da suka yi karatun zaure wannan, nakan ga fuskarsu ta sake, domin sun gane ashe abin da ke kan allon aji da abin da ke gaban malam ilimi ɗaya ne.

Mutumin da ya ɗaga maganar aminai daga labari zuwa hujja shi ne Sabit bin Ƙurra. A Harran aka haife shi, garin da ke kudu maso gabashin Turkiyya a yau, cikin al'ummar Sabi'awa masu girmama taurari. Ba Musulmi ba ne, kuma bai musulunta ba har ya rasu a Bagadaza a shekarar 901. Harshen gidansu Suryananci ne, ya kuma iya Girkanci da Larabci. Sana'arsa ta farko canjin kuɗi ce a kasuwar garinsu. Muhammadu bin Musa, babba a cikin 'yan'uwan nan uku masana da ake kira Banu Musa, shi ya gamu da shi a kan hanyarsa ta dawowa daga ƙasar Rumawa, ya ga kaifinsa, ya tafi da shi Bagadaza. Can ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fassara na zamanin Abbasiyawa, daga baya kuma na kusa da halifa Mu'utadid. Shi ya mayar da littafin Nikomakus Larabci, shi ya gyara fassarar Uƙlidis. Saboda haka ya san abin da magabata suka faɗa, ya kuma san inda suka yi shiru. Sun ba da hanyar samar da kammalallu, ba su ba da ta aminai ba. Sai ya rubuta wata maƙala a kan fitar da aminan lambobi ta hanya mai sauƙi.

Ina son ƙa'idarsa saboda yaro ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya binta. Fara da 3 ka yi ta ruɓanyawa: 6, 12, 24, 48, 96, 192, 384, 768. Wannan shi ne tsaninka. Ɗauki matakai biyu maƙwabta, ka ce 6 da 12. Cire 1 daga kowanne, ka sami 5 da 11. Sannan ka ninka matakan biyu da juna, 6 sau 12, ka cire 1, ka sami 71. Yanzu kana da lambobi uku a hannu, 5 da 11 da 71, kuma sharaɗin shi ne dukansu su kasance gagara-rabo. Sun kasance. To ɗauki sulusin babban matakin, wato 4. Huɗu sau 5 sau 11 ya ba da 220. Huɗu sau 71 ya ba da 284. Aminan Fisagoras sun fito daga matakin farko.

Me ya sa hakan ke aiki? Akwai wata gajeriyar hanya ta tara duk abin da ke raba lamba, har da ita kanta. Ga 220, ka tara 1 da 2 da 4 ka sami 7, ka tara 1 da 5 ka sami 6, ka tara 1 da 11 ka sami 12, sannan ka ninka ukun: 7 sau 6 sau 12, wato 504. Ga 284 kuwa, 7 ce sau 72, ita ma 504. Dole su zo ɗaya, domin tun farko 71 an gina ta ne don in an ƙara mata 1 ta zama 6 sau 12. Kuma 220 da 284 in an haɗa su 504 ne. Cire 220 daga 504, 284 ta rage. Cire 284, 220 ta rage. Sabit ya tabbatar da cewa wannan daidaito ba dace ba ne, zai faru a kowane mataki na tsanin muddin lambobin uku sun cika sharaɗi. Kuma ya yi wannan ba da alamomin aljabara irin namu ba. Da jimloli ya rubuta, da layuka masu sunayen haruffa, hujja a kan hujja irin ta Uƙlidis.

Wahalar tana cikin sharaɗin. Hau mataki na gaba, 12 da 24. Ka sami 11 da 23, lafiya lau. Ta ukun ita ce 287, wadda a ido kamar ba za ta rabu ba, amma 7 ce sau 41. Wannan matakin ya faɗi. Na gaba, 24 da 48, ya ba da 23 da 47 da 1,151, duk gagara-rabo, sulusin 48 kuma 16 ne. Daga nan 17,296 da 18,416 suka fito. Sai kuma 96 ta ɓata matakai biyu a jere, domin 95 biyar na raba ta. Sai an kai 192 da 384 hanya ke sake buɗewa.

A kan takarda wannan hawa ne na rabin sa'a. A tarihi ƙarnoni ya ci. Wani masanin tarihin lissafi ɗan ƙasar Holan, Jan Hogendijk, ya kawo dalilai a 1985 cewa misalin da Sabit ya gina hujjarsa a kai ya yi daidai da matakin 17,296, don haka da wuya a ce bai san ta ba. Amma a rubuce ɓaro-ɓaro, 17,296 da 18,416 sun bayyana ne wajen ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, a gabas da yamma. A Tabriz akwai Kamaluddin Alfarisi, almajirin Ƙuɗubuddin Shirazi, mutumin da ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa ta hanyar gwaji da ƙwallon gilashi cike da ruwa. Ya rubuta Tazkiratul Ahbab a kan aminan lambobi, ya sake kafa hujjar Sabit ta wata hanya, kuma a kan hanyar ya nuna cewa kowace lamba ana iya warware ta zuwa gagara-rabo da aka gina ta da su. A Marakish ta Maroko kuma ana jingina sanin waɗannan aminai ga Ibnul Banna, wanda ya rasu a 1321, mai littafin Talkhis da aka daɗe ana karantawa a makarantun Magrib.

A tsakanin nan aikin rarraba lambobi bai tsaya ba. Abdulƙahir Albagadadi, wanda malamanmu suka fi sani da littafinsa na ƙungiyoyi, Alfarƙu Bainal Firaƙ, yana da littafin hisabi mai suna Attakmila. A ciki ya rushe zaton da ake yi cewa duk lamba mai rara shafa'i ce, ya kawo 945, wutiri, wadda sassanta suka kai 975, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a irinta. Ya rasu a 1037. Bayansa da ƙarni biyu Isma'ila bin Fallus ya jera kammalallun lambobi, a cikinsu har da ta biyar da ta shida da ta bakwai: 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328. Ya haɗa da wasu da ba su inganta ba, abin da ke nuna irin santsin da ke cikin aikin. Kuskure ɗaya wajen gane gagara-rabo ya isa ya rusa komai.

Wanda ya taka matakin 192 da 384 shi ne Muhammad Baƙir Yazdi, masanin Iran na farkon ƙarni na 17, zamanin daular Safawiyya, a littafinsa Uyunul Hisab. A nan nake so mai karatu ya tsaya ya auna aikin. Tabbatar da 191 da 383 ba wuya. Amma 192 sau 384 ya ba da 73,728, a cire 1 saura 73,727, kuma sai an tabbatar ba abin da ke raba ta. Hanyar ita ce a gwada ta da kowace gagara-rabo har a kai wadda in an ninka ta da kanta za ta zarce lambar. 271 sau 271 ya ba da 73,441, bai kai ba. Mai bi mata, 277, ta wuce. Ke nan gagara-rabo 58 ne za a bi, daga 2 zuwa 271, kowace a yi doguwar rabawa da alƙalami da tawada, a tabbatar akwai saura. In hannu ya zame a guda ɗaya, sakamakon duka ya zama ƙarya, kuma ba wata na'ura da za ta tona. Nakan raba wa ɗalibai wannan aiki, kowane benci da nasa kason, kuma ko da an yi taron dangi sai an ji jiki. Bayan an gama sai a ɗauko sulusin 384, wato 128, a ninka. Lissafin tabbatarwa kuwa gajere ne mai daɗi: daga 1 zuwa 128 a ruɓanye jimilla 255, sau 192 sau 384, ya ba da 18,800,640, kuma wannan ita ce jimillar aminan biyu.

Duk wannan hanya ɗaya ce daga cikin biyu da aminan lambobi suka bi. Ɗayar ta masu ɗalasimai ce, kuma ta fi cika da jama'a. 'Yan'uwan nan na Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun ambaci 220 da 284 a risalarsu ta farko, ta lambobi, a ƙarni na 10. Littafin Gayatul Hakim na Andalus, wanda aka daɗe ana jingina wa Almajriɗi, ya sa su cikin ayyukan mallaka da jawo ƙauna. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya bayyana yadda ake yi: a duba tauraruwar Zahra, a yi siffofi biyu, a ɗora wa kowace ɗaya daga cikin lambobin, babbar ga wanda ake neman zuciyarsa. Ya kawo wannan ne a babin sihiri da ɗalasimai, ya kuma faɗi hukuncin shari'a a kansu, cewa haramun ne.

Ta wannan ƙofa ta haruffa da hatimai ilimin lambobi ya fi shiga ƙasarmu, kuma a cikinta muka fitar da gwani. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya kuma rubuta bayani a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, irin wanda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, jimilla ɗaya yake bayarwa. Ƙaramin cikinsu kowa ya san shi, mai gida tara, kowane layi 15. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mai tarihin Masar Abdurrahman Aljabarti, wanda ya rubuta labarinsa. Ra'ayina a nan a fili yake. Ban yarda lamba tana karkato da zuciyar kowa ba, kuma rubuta 284 a kan abinci ba ya sa a so mutum. Amma hanyoyin da Alkashinawi ya rubuta na cika gidajen hatimi lissafi ne ingantacce, yau ma in ka bi su za su fito daidai. Abin da ke damuna shi ne yadda muka riƙe ɓangaren laya muka saki ɓangaren hujja. Masu hisabi da yawa sun san 220 da 284 a matsayin sirri. Masu tambayar dalilin da ya sa suke komawa ga juna, ko yadda za a samo wasu, su ne suka yi ƙaranci, alhali amsar na nan a Larabcin da malamanmu ke karantawa.

Turai ta iso maganar ne daga baya, kuma da ƙafarta. A 1636 Pierre de Fermat, lauya a birnin Tulus na Faransa, ya sanar da 17,296 da 18,416 ta hannun Marin Mersenne, wani limamin Kirista a Paris wanda masana ke aika wa wasiƙu yana yaɗawa. A 1638 René Descartes, yana zaune a Holan, ya aika wa Mersenne ɗin da 9,363,584 da 9,437,056. Ƙa'idar da suka bi ita ce ta Sabit, a cikin wata riga. Ba na cikin masu cewa sata suka yi. Maƙalar Sabit ba ta shiga hannun masanan Turai ba sai a 1852, lokacin da Bajamushe Franz Woepcke ya gabatar da ita da Faransanci, kuma aikin Alfarisi da na Yazdi sai a shekarun 1980 masu bincike irin su Rushdi Rashid, Bamisire, suka baje shi. Mutum biyu na iya haƙa rijiya a wurare dabam su tarar da ruwa ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne littafin da aka buga bayan an san duk wannan ya ci gaba da kiran lambobin da sunan Fermat da Descartes kaɗai. Uzurin rashin sani ya riga ya faɗi.

Wanda ya fasa iyakar tsanin shi ne Leonhard Euler, ɗan Suwizalan, lokacin yana Balin. Ya faɗaɗa ƙa'idar, ya ƙirƙiro wasu hanyoyi, ya fitar da jerin aminai 30 a 1747, zuwa 1750 kuma ya kai su wajen 60. Daga uku a shekara kusan dubu biyu zuwa sittin a 'yan shekaru. A cikin nasa akwai ƙanana irin su 2,620 da 2,924, da 5,020 da 5,564, da 6,232 da 6,368, dukansu ƙasa da 17,296, dukansu kuma tsanin Sabit ya tsallake su. Wannan ya fito da wani abu da ba a lura da shi ba a da. Ƙa'idar gaskiya take faɗa, amma ba duk gaskiyar ba. Duk abin da ta bayar aminai ne, sai dai mafi yawan aminai ba ta hanyarta suke zuwa ba. A jerin girma, 17,296 ita ce ta takwas, ba ta biyu ba, kuma aminai wajen ɗari ne ke gaban waɗanda Yazdi ya samo.

Ta biyun ta gaskiya kuwa ta kuɓuce wa kowa, har da Euler. A 1866 wani yaro ɗan shekara 16 a Italiya, Nicolò Paganini, wanda ba shi ne shahararren makaɗin goge mai wannan suna ba, ya kawo 1,184 da 1,210. Gwada da kanka: 1,184 ita ce 32 sau 37, jimillar masu raba ta 63 sau 38, wato 2,394. Ita kuma 1,210 ita ce 2 sau 5 sau 121, nata 3 sau 6 sau 133, shi ma 2,394. Lambobi ne da ba su kai dubu ɗaya da ɗari uku ba. Da wani a Bagadaza ko Tabriz ko Paris ya ajiye ƙa'ida ya bi lambobi bi da bi na 'yan makonni, da ya ci karo da su. Manyan sun dogara da hanyar da ke da hujja, hanyar kuma ba ta bi ta nan ba, domin ginin 1,210 da 11 sau 11 a cikinsa bai dace da kowane tsari da suka tanada ba.

Yau kwamfuta ta karɓi aikin rabawa, kuma aminan da aka sani sun haura biliyan ɗaya. Paul Erdős, ɗan Hungari, ya tabbatar a 1955 cewa duk da wannan yawa, in aka auna su da sauran lambobi rabonsu yana ta ƙanƙancewa har ya zama kamar babu. An kuma gano masu zagaye fiye da biyu, kamar zoben da Paul Poulet ya samo a 1918, inda 12,496 ke kai ka 14,288, ita ta kai ka 15,472, sai 14,536, sai 14,264, sannan ka dawo inda ka fara. Tsanin Sabit kuwa an hau shi da na'ura zuwa matakan da lambobinsu ke da dubban alƙaluma. Bayan 384 sai 768, kuma 767 ita ce 13 sau 59. Daga nan ba a sake samun matakai biyu maƙwabta da duka suka cika sharaɗi ba, kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa ba za a samu ba. Haka nan ba a tabbatar ko aminai suna da iyaka ko ba su da ita ba. Duk waɗanda aka gani kuma, ko dai dukansu shafa'i ne, ko dukansu wutiri kamar 12,285 da 14,595. Aminai da ɗaya shafa'i ɗaya wutiri ba a taɓa cin karo da su ba, ba a kuma nuna cewa ba za su yiwu ba.